Ranar da wani dattijo ya shafa wa cizal ɗina tawada

Assalamu alaikum 'yan uwana masu aikin katako. Tun da na sa hoton ɗan akushin nan da na juya, mutum huɗu ko biyar suka aiko suna tambayar wane inji nake wasa kayan aikina da shi, har ƙanena ya ce in sayi irinsa in auno masa. Amsar ta fi ƙarfin layi biyu, shi ya sa na zauna na rubuta ta gaba ɗaya. Amma kafin in zo kan inji sai na ba ku labarin kunyar da na sha, don daga nan komai ya faro.

A nan Ingila akwai ƙungiyoyin masu juya katako kusan a kowane yanki. Galibinsu dattawa ne da suka yi ritaya. Sukan haɗu sau ɗaya a wata da daddare a wani ɗakin taro, a kafa injuna biyu ko uku, wanda ya iya ya nuna wa wanda bai iya ba. Wani abokin aikina ne ya kai ni. Zuwana na uku suka ce in hau inji su ga hannuna. Na ji daɗi ƙwarai, don shekara 19 na yi ina juya ƙafafun gado da na kujera kafin in baro gida. Na ciro cizal ɗina mai kwarmi, wanda na saya da albashina na farko a ƙasar nan, kuma a daren da ya gabata na wasa shi da hannuna.

Aka ɗaura mini ɗanyen gungume. Ina sa baki sai gari ya fara tashi maimakon sassaƙe. Na ƙara dannawa kamar yadda muka saba, cizal ya hau rawa a hannuna, fuskar icen ta yi kaca-kaca kamar ɓera ya gaigaye ta. Sai wani dattijo mai farin gashi, wanda tun zuwana magana ba ta taɓa haɗa mu ba in ban da gaisuwa, ya miƙo hannu ya kashe injin ba tare da ya tambaye ni ba.

Ya ce, "Ɗana, ba ni ƙarfen nan in gani."

Na miƙa masa. Ya ɗaga shi saitin fitila yana jujjuyawa a hankali. Sannan ya zaro baƙin alƙalami mai kauri, irin wanda ake rubutu da shi a jikin kwali, ya shafe gangaren bakin kaf, wato gefen nan da ke gogar dutse. Ya je wajen injin washinsu, ya ɗaure cizal ɗin a wani ɗan mariƙi, bai ma kunna injin ba, da hannu ya juya dutsen sau biyu yana lilo da bakin a kai. Ya dawo ya nuna mini. Tawadar ta goge a wuri uku kawai, ɗigo-ɗigo, sauran duk baƙi. Ya sa farce yana ƙirga fuskokin da na yi wa gangaren: ɗaya, biyu, har shida. Gangaren da ya kamata ya zama fuska ɗaya sumul tun daga wannan kunne har wancan.

Ya ce, "Wa ya wasa maka?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Tun yaushe kake da shi?"

Na ce wata bakwai. Bai ce komai ba, ya buɗe jakarsa ya ciro nasa, iri ɗaya da nawa, kamfani ɗaya, kauri ɗaya. Ya ce tun kafin ya bar aiki yake amfani da shi. Ya jera su a kan benci gindi da gindi. Nasa ya fi nawa tsawo da kusan faɗin yatsa biyu.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutum goma sha wani abu sun kewaye mu, ba wanda ya yi dariya, kuma shirun nan ya fi mini dariya ciwo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a idonsu ni sabon shiga ne da ba a taɓa koya wa komai ba, alhali akwai yaran da suka koyi sana'a a hannuna, yanzu kowa da shagonsa. Na so in ce musu a wurinmu da ido ake yi, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai na dubi ƙarafan nan biyu a kan benci, na haɗiye maganata.

Dattijon ya kunna injin washin. Ya ɗauki kamar minti biyar yana gyara ɓarnar da na yi, yana ɗagawa yana dubawa, har gangaren ya koma fuska ɗaya yana sheƙi. Ya sake shafa tawada, ya mayar, ya yi lilo hagu da dama sau biyu, tawada ta tafi gaba ɗaya. Ya ce daga yau wannan lilo biyun shi ne washinka, daƙiƙa 20. Ya miƙo mini ya ce in koma kan icena.

'Yan uwa, ban taɓa jin abin da na ji a daren nan ba. Ban danna ba, ɗora bakin kawai na yi, sai ga sassaƙe dogo yana fitowa kamar ana warware zare, yana tsallake kafaɗata yana zuba a bayana, da danshinsa. Ƙarar ma ta sauya, ta koma wani siririn shuuu. Da na tsayar da inji na shafa wurin, santsi kamar an riga an bi shi da samfefa. Shekara 19 ina ɗora wa ice laifi, ina ɗora wa ƙarfe laifi, ina cinye samfefa bandir-bandir don rufe abin da dakusasshen baki ya yaga.

A hanyar komawa a bas na kasa daina tuna maganar da ya yi mini a bakin ƙofa. Ya ce in zan sayi inji kada in tambayi wanne ya fi sa kaifi, don dukkansu suna sawa. In tambayi wanne ne zai maido mini da baki iri ɗaya sak kowane lokaci, cikin ƙasa da minti ɗaya, ba tare da ya ci ƙarfe ba. Da na isa ɗaki na yi lissafi, na ga gaskiyarsa. Gungumen da faɗinsa ya kai santimita 30, in yana juyawa sau 1,000 a minti, gefensa yana wuce bakin cizal da tsawon mita 942 a kowane minti. Minti 10 ka yanki ice na sama da kilomita 9. Wane kurfi ne na kafinta ke yin wannan tafiya ko a shekara? Shi ya sa mai juya katako yake komawa kan dutse sau uku, sau huɗu a kan akushi guda. In washi yana ɗaukarka minti 10 da ɓacin rai, za ka yi ta ɗaga shi kana cewa bari in ƙarasa wannan, kana aiki da baki matacce. Haka nake yi, haka kuma na san da yawanku kuke yi.

Ba sai na kwatanta muku yadda muke washi a gida ba. Abin da zan faɗa shi ne dutsen nan mai ruwan toka da ke zuwa a kan giranda, wato injin washi mai juya dutse da muka saba da shi, na masu walda ne, an yi shi don cin ƙarfen gini. Mai tauri ne, ƙwayoyinsa ba sa zubewa in sun dakushe, sai ya koma gugar ƙarfe yana zafafa shi. A wuta irin tamu da ta nan, giranda mai gudu tana juyawa kusan sau 2,850 a minti. In dutsen na inci 8 ne, gefensa yana gudun mita 30 a daƙiƙa, ya fi kilomita 100 a awa. A kan wannan muke ɗora ɗan bakin da bai kai kaurin gashi ba, hannu na rawa, ba majingini, sannan mu ce ƙarfen yanzu ba shi da kyau.

Maganar shuɗin nan da ke fitowa a baki in ƙarfe ya yi zafi wajen washi ma sai a nan na fahimce ta. Ƙarfe iri biyu ne. Akwai na da, irin wanda maƙera ke yi mana cizal da shi daga sifirin mota. Shi wannan da zafi ya wuce digiri 200 taurinsa ya fara tafiya, in ya yi shuɗi kuwa ya kai wajen digiri 300, wurin ya mutu, sai an cinye shi an wuce kafin a sake samun baki mai riƙe kaifi. Akwai kuma wanda ake rubuta wa HSS a jiki, wato ƙarfe mai jure zafin yanka da gudu, wanda kusan duk cizal ɗin juya katako na zamani da shi ake yi. Asalinsa daga Amurka ne, wasu injiniyoyi biyu, Taylor da White, suka nuna shi a bajekolin birnin Faris a 1900 yana yankan ƙarfe bakinsa ja wur bai saki ba. Irin da aka fi yi mana kaya da shi, M2, yana riƙe taurinsa har sama da digiri 500, saboda haka ɗan shuɗi ba ya kashe shi. Abin da ke cutar da shi shi ne ɗabi'armu ta tsoma ƙarfe a gwangwanin ruwa yana da zafi. Sanyin farat ɗaya yana sa bakin ya yi ƙananan tsagu da ido ba ya gani, kana fara aiki su ɓantare. Na da a tsoma shi akai-akai tun bai yi zafi ba, HSS kuwa a ajiye shi ya huce da kansa. Ni ina yi wa duka biyun abu ɗaya tsawon rayuwata.

Bayan mako biyu na shiga wani babban shagon kayan aiki da jakata a hannu. A nan ne abin ya burge ni har ya ba ni haushi. A can ƙuryar shagon an kafa injunan washi iri uku a kan benci, duk a jone da wuta, an ce ka zo da ƙarfenka ka gwada. Mai kula da wurin bai fara da nuna mini kaya ba, tambayoyi ya jero mini. Me kake juyawa, akushi ko ƙafafu? Cizal nawa gare ka? Kana da wuƙaƙe da bakin filen da kake son wasawa, ko kayan juyi ne kawai? Ɗakin aikinka yana da ɗumi da hunturu? Da ya gama ji sai ya nuna wanda ya fi duka tsada, ya ce wannan ba naka ba ne, aƙalla ba yanzu ba. Na tsaya ina kallonsa. Na tuna sau nawa na sayi dutse a leda ba suna ba lamba, in na tambayi gudun da zai iya ɗauka a ce mini ai mai kyau ne, ɗan waje ne.

Wanda ya ce ba nawa ba ne, shi ne na ruwa. Tormek ne ya yi suna a wannan fanni, kamfanin ƙasar Suwidin da Torgny Jansson ya kafa a 1973. Babbansu, T-8, dutsensa milimita 250 ne, faɗinsa 50, yana juyawa sau 90 kacal a minti, gindinsa a cikin ɗan kwamin ruwa. Gefen dutsen bai fi saurin mai tafiya a ƙasa ba. Ba tartsatsi, ba ƙura, ba zafi, ko ƙarfen maƙera ka ɗora ba zai ƙone ba. A ɗaya gefen akwai faifan fata da ake shafa wa man gogi, in ka gama da shi bakin yana aske gashin hannu. Na gwada, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Inji ne da za ka zauna kusa da shi ka ji natsuwa. Sai dai a san halinsa. In baki ya riga ya samu siffarsa, taɓawa kaɗan ta isa, amma in za a sauya wa HSS siffa daga tushe, sai an yi haƙuri mai yawa, har kamfanin da kansa yana sayar da wani ƙarfe da ake kafawa a gaban giranda don a yi aikin farko a can da mariƙansa. Cizal mai kwarmi yana yi wa dutsen rami in ana tsayawa wuri ɗaya, sai an riƙa daidaita shi da ɗan lu'ulu'u, dutsen kuma yana ƙanƙancewa. Ba a barinsa kwance a ruwa in an tashi. Tambayar hunturu kuwa dalilinta shi ne dutsen yana shan ruwa, in ya kwana a rumfar da ruwa ke daskarewa yana iya tsagewa. Rumfata kuwa a watan Janairu ko yatsuna ba na ji.

Na biyu mai bel ne, ProEdge na kamfanin Robert Sorby da ke Shefild, garin da aka san shi da ƙarfe tun kaka da kakanni. Bel ɗin samfefa ne mai faɗin inci 2 yana gudu a kan faranti, da ɗan tebur mai ramuka da ke kulle kusurwa, ka sa 45 ta zauna a 45. Gangaren da yake bayarwa shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da ɗan kwarin nan da dutse mai zagaye ke bari. Ka sa bel mai kaushi lamba 60 ka gyara siffa, ka cire ka sa 120 ko 240 ka yi washi, duk cikin minti ɗaya. Ga cizal mai karkataccen baki ban ga kamarsa ba. Abin da ya sa na ja baya shi ne bel abu ne mai ƙarewa. A nan ka aika yau a kawo jibi. Wanda ke nesa da inda ake sayar da su kuwa, ranar da na ƙarshe ya cinye injin ya zama ado.

Na uku shi na ɗauka, kuma zai ba ku mamaki don giranda ce. Bambancinta da tamu abu uku ne. Na farko rabin gudu take yi, wajen 1,425 a minti. Na biyu dutsen. Ko dai fari, wanda ƙwayoyinsa ke zubewa in sun dakushe sababbi su fito, shi ya sa ba ya zafafa ƙarfe sosai, ko kuma wanda ake kira CBN. Shi wannan ba ma dutse ba ne, faifan ƙarfe ne da aka manne wa garin wani sinadari da ke bin lu'ulu'u a tauri, wanda aka fara haɗawa a kamfanin General Electric a 1957. Ba ya fashewa, ba ya ƙanƙancewa, ba a gyara masa fuska, saboda haka saitin da ka yi yau shi za ka tarar baɗi. Sharaɗinsa ɗaya, kada a ɗora masa ƙarfe mai laushi irin ƙusa ko rodi, yana toshe shi. Na ɗauki mai kaushi lamba 180, wadda ta isa washin yau da kullum. Na uku kuma, wanda ya fi sauran biyun muhimmanci, shi ne mariƙin nan da suke kira jig. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Wolverine na kamfanin Oneway a Kanada: hannu ne na ƙarfe da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗan aljihu a ƙarshensa, sai wani abu mai ƙafa ɗaya da ake ɗaure cizal a ciki, a sa ƙafar a aljihun a yi lilo. In tsawon da baki ya leƙo daga mariƙi bai sauya ba, nisan aljihu da dutse bai sauya ba, to kusurwa ba za ta sauya ba ko da ido a rufe. Abin da ake ci a kowane washi bai fi ƙura ba. Sirrin tsawon cizal ɗin dattijo ke nan.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Injin a kwali ɗaya ya zo, faifan daga wani wuri na aiko da shi ta intanet, mariƙin daga wani wuri na uku, kowanne da kuɗinsa daban. Ƙasar nan ba a sayar maka abu cikakke, kullum da wani ɗan ƙarfe da ya rage. Faifai ya iso, na zo sawa, ramin tsakiyarsa ya fi sandar injin faɗi. Ashe sandunan ba ɗaya ba ne, akwai rabin inci, akwai biyar bisa takwas na inci, akwai masu awon milimita, kowane faifai da zoben da ke cike masa rata. Na buga waya, na'ura ta yi ta ce mini danna ɗaya danna biyu. Na aika saƙo, aka amsa bayan kwana uku. Gaskiya dokarsu ta ba wanda ya sayi abu ta intanet kwana 14 ya fasa ya mayar, ba gardama ba rantse-rantse, kuma wannan abin a yaba ne. Amma ni ba mayarwa nake so ba, zobe nake so. Kwana tara ina kallon inji a kan benci. Da a gida ne da na sa awon sandar a aljihu na taka wajen masu aikin ƙarfe, kafin la'asar an fere mini zobe daidai wa daida, mun yi hira, na dawo. A nan kowa yana bayan ƙofarsa. Da zoben ya zo kuma sai ga faifan ya fi murfin injin faɗi, sai da na nemo wani murfin. Maƙwabciyata kuma ta turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa cewa tana jin ƙara bayan ƙarfe takwas.

Tunda na ambaci murfi, bari in faɗi abin da ya fi damuna. Mu abu na farko da muke yi in an kawo sabuwar giranda shi ne kwance murfinta a jefar, wai yana tare hannu. Dutse kuwa ƙasa ce da aka gasa, kamar tukunya, in yana da tsaga a ciki ya fashe a kan wancan gudu, gutsattsarinsa harsashi ne. A nan kafin a ɗaura dutse sai a rataye shi a yatsa a ƙwanƙwasa da gindin sukudireba. Lafiyayye yana amsawa da ƙara kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa ƙararsa a mace take, a jefar da shi. A duba lambar gudun da aka rubuta a jikinsa, kada ta gaza ta injin. In an kunna a koma gefe minti ɗaya. Majinginin ƙarfe kada ratarsa da dutse ta wuce milimita 3. Ba a washi a kumatun dutse. Tabarau dole. Duk wannan ba ya cin ko sisi, amma sau nawa muka tura yaro ɗan shekara 14 gaban dutse tsirara, fuskarsa a saitinsa, tartsatsi na zuba a kan tulin garin katako? In abu ya faru mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na san wanda ya rasa ido a haka, kuma ina wurin. Akwai kuma masu yin makankari, wato cizal ɗin kankare ice, da tsohon magagari. Ku daina don Allah, magagari ƙarfe ne mai gautsi, in ice ya cafke shi karyewa yake yi kamar gilashi.

Duk da haka ba zan yarda a ce ba mu da gwanaye ba. Maigidana, Allah ya ƙara masa lafiya, yana wasa cizal da hannu a tsaye, ya gwada a farcen babban yatsa, bakin ya fito fuska ɗaya. Na gani da idona ba sau ɗaya ba. A nan ma akwai ƙwararrun da ba sa amfani da mariƙi, sai ɗan tebur kawai. Amma shi Maigida shekara nawa ya yi kafin hannunsa ya zauna, kuma cizal nawa ya cinye? Bai taɓa iya gaya mana kusurwa nawa ce ba, cewa yake ku duba ku gani. Muka duba, muka ɗauka mun gani. Yanzu a bangon rumfata na rubuta kusurwar kowane cizal: na akushi digiri 55, na ƙafafu 35, na fere gungume 45, makankari 75 kuma kada a goge ɗan leɓen da dutse ya tayar masa don shi ne ke yanka. Wasu suna bin wasu lambobin, kuma a ƙungiya in aka fara musu a kan 40 da 60 sai dare ya raba. Lambar da ka zaɓa ba ta kai riƙe ta muhimmanci ba. Wani lokaci ina cikin washi ni kaɗai, ruwan sama na dukan kwano, sai in ji ina ma Maigida zai leƙo ya karɓi cizal ɗin ya gwada a farcensa. Na san ba zai yaba ba, kai kawai zai gyaɗa ya miƙo mini.

Dattijon nan kuwa yanzu shi ne mutumina. Watan jiya ya karɓi cizal ɗina ya ɗaga saitin fitila kamar yadda ya yi a daren farko, ya jujjuya, ya mayar mini bai ciro alƙalami ba.

Saura kai ƙanena. Ba zan auno maka inji ba, nauyinsa kawai ya isa ya hana, kuma ba shi ne matsalarka ba. In wani ya ce zai kawo maka daga Amurka ka ƙi, wutarsu 120 ce, ba za ta yi da tamu ba. Girandar da kake da ita za ta yi aiki ko da mai gudu ce, in ka sassauta hannu ka bar nauyin cizal kaɗai ya taɓa dutse. Abin da zan sa a jakar mai zuwa shi ne farin dutse guda, da ɗan lu'ulu'un gyara masa fuska, da mariƙi ɗaya. Hannun da ke ƙarƙashin dutse kai za ka yi da katako, zan turo maka zane da awo. Ka kuma huda rami mai zurfin milimita 50 a jikin bencin, kullum ka cusa bakin cizal a ciki kafin ka ɗaure mariƙi, don tsawon ya zama ɗaya. Ka nemo murfin da ka cire ka mayar, in ya ɓata a ƙera maka wani, in ba haka ba dutsen ba zai baro hannuna ba. Yau ko gobe ka ɗauki hoton ɗan farantin da ke jikin injin inda aka rubuta gudunsa, ka kwance dutsen ka auna kaurin sandar da abin awo na masu aikin ƙarfe, ba da tef ba, ka turo mini lambar.